Sha Takwas Ga Yuni A Rumbun Makaɗa Da Mawaƙa

Bahaushe na dauri bai damu da kwanan wata irin na Bature ba. Idan ka tambayi tsoho yaushe aka haife shi, sai ya ce maka shekarar Kakalaba, ko shekarar da fara ta cinye gero, ko kuwa zamanin da Sarki wane ya hau gado. Abin da ya auku shi ne ma'aunin lokaci, kuma mutanenmu sun zauna lafiya da wannan lissafi har tsawon zamunna. Bature kuwa akwai shi da son ƙididdiga. Ya tsaga shekara gida 365, ya mai da kowace rana tamkar rumbu, duk abin da ya faru a cikinta sai ya ɗauka ya zuba, har ya rubuta sa'a da wuri da sunayen waɗanda suka halarta. Wannan ne ya sa gidajen rediyonsu da jaridunsu ke iya wayar gari kullum su ce, a rana mai kamar ta yau aka yi kaza, aka yi kaza.

Ni ma na ga ya dace in buɗe ɗaya daga cikin waɗannan rumbuna, in duba abin da ke ciki ta fuskar kiɗa da waƙa. Ranar da na zaɓa ita ce 18 ga watan Yuni, kuma dalilina ba ɓoyayye ba ne, domin a ranar ce Allah ya karɓi ran Alhaji Mamman Shata. Da na fara bibiyar abin da wannan rana ta ƙunsa a wasu sassan duniya, sai na tarar da abubuwan da suka ba ni mamaki, na kuma tarar da wani abu guda da ya dame ni. Bari mu bi su daki-daki, mai karatu, kamar yadda shekaru suka jero su.

A ranar Alhamis, 18 ga Yuni, 1942, duniya na tsakiyar yaƙin Hitila, aka haifi wani yaro a birnin Liverpool na ƙasar Ingila, aka sa masa suna Paul McCartney. Mahaifiyarsa ma'aikaciyar jinya ce kuma unguwar zoma, mahaifinsa kuwa dillalin auduga ne mai taɓa kiɗa a lokacin hutunsa. Ga wanda ya san tarihin cinikin ƙasar nan, Liverpool ba baƙon suna ba ne, don kuwa tasharta na cikin manyan wuraren da jiragen ruwa ke sauke auduga da gyaɗar da manomanmu suka noma. Wannan yaro shi ne ya girma ya haɗu da John Lennon da George Harrison da Ringo Starr suka zama ƙungiyar Beatles, wadda ta girgiza duniya kafin ta watse a 1970. Abin da ya fi jan hankalina game da shi, shi ne bai iya karanta rubutun kiɗa irin na Turawa ba, shi da kansa ya sha faɗin haka. Da kunne yake aiki, kamar yadda makaɗanmu na gargajiya ke yi.

McCartney ya taɓa shan ruwan ƙasar nan. A 1973, bayan rabuwar Beatles, ya zo Ikko tare da matarsa Linda da abokin aikinsa Denny Laine, suka shiga ɗakin ɗaukar murya na kamfanin EMI da ke Apapa don shirya faifan da aka sani da Band on the Run. Zaman bai zo masa da sauƙi ba. Wata rana da dare 'yan fashi suka tare shi da wuƙa, suka ƙwace jakar da ke ɗauke da rubutattun baitocinsa da kaset-kaset ɗin gwaji. Ga kuma Fela Kuti ya fito fili ya zarge shi da cewa ya zo satar kiɗan baƙar fata ne, har sai da McCartney ya kira shi ya kunna masa abin da suka ɗauka, ya ji da kunnensa babu kiɗan Afirka a ciki. Duk da haka ya je gidan rawar Fela ya saurare shi, kuma ya daɗe yana ba da labarin yadda kiɗan ya ratsa shi har ya yi hawaye. Faifan ya fito a ƙarshen wannan shekara, ya zama ɗaya daga cikin mafiya kasuwa a duk abin da ya yi bayan Beatles.

Ranar da McCartney ya cika shekara 25 a duniya, wato Lahadi 18 ga Yuni, 1967, ita ce ranar ƙarshe ta wani gagarumin bikin kiɗa na kwana uku da aka yi a garin Monterey na jihar Kalifoniya ta Amurka. Shi bai halarta ba, amma yana cikin kwamitin amintattun bikin, kuma shi ne ya dage cewa lalle a gayyato wani saurayi baƙar fata mai suna Jimi Hendrix. Wannan saurayi ɗan Amurka ne, tsohon sojan laima, bahago, wanda ya yi shekaru yana kaɗa wa wasu jita a bayan fage, irin su Little Richard, ba tare da kowa ya san da zamansa ba. Sai da ya ƙetara Landan a 1966 tauraronsa ya haska. Masu iya magana sun ce ɗan gari ba ya waƙa ta yi daɗi. To, Monterey ce ta zame masa ranar komawa gida.

Da rana tsaka a wannan Lahadi, kafin Hendrix, wani baƙo ne daga Indiya ya riƙe dandamali. Shi ne Ravi Shankar, gwanin sita, wani irin molo mai dogon wuya da tsirkiya masu yawa, tare da Alla Rakha mai kaɗa masa tabala. Suka zauna a kan shimfiɗa, suka naɗe ƙafa, suka shafe sa'o'i suna kiɗa, dubban samari da 'yan matan Amurka sun yi tsit kamar ruwa ya cinye su. Da aka ƙare, jama'a suka miƙe suna tafi ba ƙaƙƙautawa. Shankar shi ne malamin da ya koya wa George Harrison sita, kuma wannan zama na Monterey na cikin abubuwan da suka buɗe wa kiɗan Indiya ƙofa a ƙasashen Turawa. Mu nan ba mu buƙaci wani biki ba, domin gidajen silima sun riga sun cusa mana sautin Indiya a kunne tun kafin wannan lokaci.

Da dare ya yi sai aka sami 'yar taƙaddama tsakanin Hendrix da wata ƙungiya daga Ingila mai suna The Who. Kowane ɓangare ya san ɗayan yana da al'adar farfasa kayan kiɗa, saboda haka babu mai son ya biyo bayan wani. Aka jefa kwabo sama, The Who suka fara, suka kuwa ragargaza jita da ganguna. Da Hendrix ya hau, ya kaɗa jitarsa da haƙori, ya kaɗa ta ta bayan ƙeya, ya fitar da wasu sautuka da ba a saba ji ba. A ƙarshe ya durƙusa, ya kwantar da ita a gabansa, ya tsiyaya mata mai, ya ƙyasta ashana. Wuta ta tashi, shi kuwa yana yi mata alama da yatsu kamar mai kiran aljanu, sannan ya ɗauke ta ya rotsa da ƙasa, ya watsa wa jama'a gutsattsarin. Shekarunsa 24 a lokacin. Bayan shekara uku da wata uku, ranar 18 ga Satumba, 1970, ya rasu a Landan.

Ravi Shankar ya yaba gwanintar Hendrix, amma ƙona jitar ya baƙanta masa rai ƙwarai, domin a tarbiyyar da ya tashi da ita abin kiɗa yana da alfarma, ba a ko tsallake shi. A nan ni ina tare da Shankar. Na taɓa zama kusa da wani tsohon makaɗin kalangu yana gyaran abin sana'arsa. Na ga yadda yake zaɓen tantani, yadda yake jan tsirkiya ɗaya bayan ɗaya yana kasa kunne, yadda yake rataye shi nesa da raɓa idan dare ya yi. Wanda abincinsa da na iyalinsa ke cikin wannan ice, ba zai taɓa kawo wa ransa cinna masa wuta ba. To amma kuma dole a yi wa Hendrix adalci. Samarin Amurka na wancan zamani suna cikin ɗacin yaƙin Biyetnam, baƙar fata na fafutikar neman 'yanci, kuma wannan wuta ta faɗa musu abin da ke ransu. Mu ma a nan gida, a daidai wannan mako, ba a cika kwana ashirin da shelar ɓallewar Biyafara ba, kuma a ranar 6 ga Yuli aka fara harbe-harbe. Shata na cikin mawaƙan da suka yi wa sojojin tarayya waƙoƙin ƙarfafa zuciya a wannan yaƙi.

Yanzu sai mu zo ga ranar da ta kawo ni. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa ta ƙasar Katsina, wanda aka fi rubuta 1923 a matsayin shekarar haihuwarsa, ya fara da tallan goro da alewa kafin waƙa ta ɗauke shi, duk da cewa mahaifinsa bai so ba, tun da ba gadonsu ba ce. Ya shafe fiye da rabin ƙarni yana waƙa da kalangu. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa attajirai, ya yi wa direbobi da manoma da mata, ya yi wa kansa Bakandamiya, har kumbon da Amurkawa suka harba duniyar wata a 1969 bai tsira daga bakinsa ba. Gwamnati ta ba shi lambar girma ta MON, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988, ya kuma taɓa riƙe shugabancin jam'iyyarsa a ƙaramar hukumar Funtuwa a jamhuriya ta uku. Ya rasu ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kimanin mako uku bayan soja sun miƙa mulki ga farar hula, aka kai shi Daura aka rufe.

Ina yaro a lokacin, a wata unguwar Hausawa ta nan Kudu inda aka haife ni. Mahaifina fataucin goro yake yi, kuma a rumfarsa rediyo ba ta mutuwa. Da sanarwar ta fito, sai na ga manyan mutane sun ajiye huhun goro, an yi ta salati, wasu na share ido da bakin riga. Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya kusa shekara arba'in bai taka Arewa ba, ya ce yau kam ya tabbata ya yi nisa da gida. A sannan ban gane maganarsa ba. Sai da na girma na fahimci cewa ga Bahaushen da ke zaune a Sabo ko Agege ko Shagamu, muryar Shata ita ce hanyar da yake bi ya je gida ya dawo ba tare da ya biya kuɗin mota ba. Mu kuma 'ya'yansu da muka tashi da Yarbanci da Turancin kasuwa a baki, a cikin waɗannan kaset-kaset muka tsinci Hausar da ba a yi a titi, muka ji sunayen garuruwa da sarautu da kirarin da ba mu taɓa gani da ido ba.

Rumbun wannan rana bai rufe da Shata ba. A ranar Litinin, 18 ga Yuni, 2018, 'yan fashi suka harbe wani matashin mawaƙin gambarar zamani a jihar Fulorida ta Amurka, mai suna Jahseh Onfroy, wanda aka fi sani da XXXTentacion. Shekarunsa 20 kacal. Ta intanet ya yi suna, rayuwarsa cike take da rigima da shari'u, har da tuhumar cin zarafin mace, amma miliyoyin matasa sun rungumi waƙoƙinsa na baƙin ciki da kaɗaici. Kwanaki kaɗan bayan mutuwarsa wata waƙarsa ta hau saman jerin waɗanda suka fi kasuwa a Amurka, matsayin da bai taɓa kaiwa ba yana raye. A 2023 kotu ta yanke wa mutum uku ɗaurin rai da rai saboda kisan nasa.

Bayan shekara biyu cif, ranar 18 ga Yuni, 2020, annobar korona na tsakiyar cin kasuwarta, Vera Lynn ta rasu a Ingila tana da shekara 103. Ita ce mawaƙiyar da sojojin Ingila suka ɗauka tamkar masoyiyarsu a yaƙin duniya na biyu, saboda waƙoƙinta na bege da fatan sake saduwa, da kuma shirin da take gabatarwa a rediyon BBC tana isar da saƙonni tsakanin mayaƙa da iyalansu. A 1944 ta yi tattaki har Bama don ta yi wa sojoji waƙa a bakin daga. A wannan fage na Bama ne dubban 'yan Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausawa masu yawa, suka yi yaƙi a runduna ta 81 da ta 82. A 2009, tana da shekara 92, faifan tsofaffin waƙoƙinta ya zo na ɗaya a kasuwar Ingila. Dubi ikon Allah, mai karatu, rana ɗaya ta ɗauki yaro ɗan shekara 20, ta kuma ɗauki tsohuwa mai shekara 103, kowanne da jama'ar da ke kukansa.

To, ga abin da na ce ya dame ni. Duk wanda ya so sanin abin da ya faru a Monterey a daren nan na 1967, zai same shi a rubuce filla-filla: wanda ya fara hawa dandamali, wanda ya biyo shi, waƙoƙin da kowa ya yi bi da bi, sunan mai ganga da na mai jita, har da irin jitar da aka ƙona. Wani mai shirya fim, D. A. Pennebaker, ya ɗauki bikin, fim ɗin ya fito a 1968, kuma har gobe ana kallonsa. Kai, hatta kaset ɗin da ɓarayi suka ƙwace wa McCartney a Ikko ya sami gurbi a littattafan tarihi. Amma ɗauki kowace waƙa ta Shata da kake so, ka tambayi masu sauraronta a wace rana aka yi ta, a wane gari, a gidan wa, su wane ne suka riƙe kalangu, su wa suka yi amshi. Da wuya ka sami mai ba ka amsa. Mutumin da ya yi waƙoƙin da har yau ba a gama ƙidaya su ba, rana guda ce tak a rayuwarsa kowa ya haddace, ita ce ranar da ya bar duniya, ita ma don ta faru a asibiti ne a zamanin jarida. Ranar haihuwarsa kuwa babu ita a kalandar kowa. Ibrahim Narambaɗa, wanda ake ɗauka uban mawaƙan fada, har shekarar rasuwarsa marubuta sun saɓa a kanta.

Ba ina cewa ba a yi komai ba. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana tun 1975, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da littafin Shata Ikon Allah a 2006, malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi hidima mai yawa wajen tattara tarihin makaɗa da mawaƙa, kuma gidajen rediyo, musamman na Kaduna, sun adana abin da Allah ya nufa. Sai dai ɗinkin bai kai girman ɓarakar ba. Akasarin waƙoƙin nan a wurin biki da sallah da naɗin sarauta aka yi su, wani ya kafa rakoda ya ɗauka, aka yi ta kwafa daga kaset zuwa kaset ba suna ba kwanan wata. Da mahaifina ya rasu, Allah ya jiƙansa, muka buɗe akwatin kaset ɗinsa, sai muka tarar damshin Kudu ya gama da fiye da rabinsu, zaren ya manne, wasu sun yi fumfuna. A cikin waɗanda suka lalace akwai wanda ya sha gaya mana cewa shi da hannunsa ya ɗauka a wani biki, kuma bai taɓa jin waƙar a rediyo ba. Gidaje nawa ne a Arewa da Kudu ke da irin wannan akwati a ƙarƙashin gado?

Wani zai ce ai waƙar baka ba ta buƙatar kalanda, tun da a zukata take zaune. Akwai gaskiya a cikin wannan, amma zukatan nan na mutane ne, mutane kuwa tafiya suke yi. Musa Ɗanƙwairo ya tafi a 1991, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a ranar 20 ga Yuni, 2015, kwana biyu bayan zagayowar ranar Shata. Waɗanda suka yi musu kiɗa da amshi, waɗanda suka san dalilin kowane habaici da zambo, kullum raguwa suke yi. Idan ba a san lokacin da aka yi waƙa ba, ba za a san wanda ake nufi da ita ba, ba za a san abin da ke faruwa a gari da ya haife ta ba, sai ta zama daɗin kunne kawai, alhali kuwa tarihi ce. Manazarcin da zai zo nan da shekara hamsin ba shi da wanda zai tambaya sai takarda.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu na wannan sashe. Da yawanmu muna komawa gida hutu, wasunmu kuma gidan yana nan cikin unguwannin Hausawa na Kudu. Wayar da ke aljihunmu ta fi rakodar da iyayenmu suka yi aiki da ita nesa ba kusa ba. A nemi tsofaffin kaset da faya-fayan garmaho a juye su kafin su ƙarasa lalacewa. A zauna da dattijon da ya mallake su, a tambaye shi inda ya samu, da shekarar, da bikin wane ne, ko da zai ce shekarar da aka canza kuɗi ce ko shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, domin irin wannan lissafi ana iya mai da shi lamba. Wanda kuma ya halarci wasan wani mawaƙi na yau, na gargajiya ne ko na fim, ya rubuta rana da wuri da sunayen masu kiɗa, ya kawo sashe a ajiye. Aikin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, littafin rubutu ne da alƙalami da haƙurin zama da tsofaffi. Da haka, idan jikokinmu suka buɗe rumbun wata rana a shekara, za su tarar da namu a ciki tare da na sauran jama'ar duniya.

Allah ya jiƙan Alhaji Mamman Shata da sauran magabatanmu, ya sa mu cika da kyau da imani, amin.